FILIN MATA: Tafiyar Ƙafa Da Hawan Dutse

Wata yarinya daga wajen Bagwai ta aiko da tambaya, ta ce ta ji labarin wai akwai matan da ke tseren gudu a kan duwatsu kwana da yini, shin gaskiya ne, kuma mace irinmu za ta iya? To, gaskiya ne. Bari in ba ku labarin, sa'an nan mu duba abin da za mu ɗauka a ciki.

Tseren da ake kira maraton tsawonsa kilomita 42 ne da 'yan kai, watau mil 26, kusan daga birnin Kano zuwa Bichi ke nan. Duk tseren da ya wuce wannan shi ake kira dogon zango. A Afirka ta Kudu akwai wanda ake kira Comrades, an fara shi a 1921, tsawonsa wajen kilomita 90, kuma hanyar duk hawa da gangara ce. A 1923 wata mace, Frances Hayward, ta shiga ta gama cikin awa 11 da minti 35, amma ba a lissafa ta ba, don ba a yarda wa mata shiga ba sai a 1975. A Turai kuwa, tun 2003 ake yin wani a ƙarshen watan Agusta, inda ake kewaya dutsen Mont Blanc ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, wajen kilomita 170. Wata Ba'amurkiya, Courtney Dauwalter, wadda a da malamar makaranta ce, ta zo ta ɗaya cikin mata a 2019 da 2021 da 2023. A nan Nijeriya ma an fara tseren hawan dutsen Obudu a 2005, kilomita 11 ne, amma kusan duk hawa ne. 'Yan wajen Pankshin a Jihar Filato sun yi suna wajen dogon gudu, domin a ƙasar tudu suka tashi.

Kada wannan ya sa ku ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Ku tuna Nana Hajara ta yi kai da kawo sau bakwai tsakanin Safa da Marwa tana neman ruwa, kuma har yau kowace hajiya sai ta taka wannan tafiya, fiye da kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa. An ruwaito Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, 'yan taru daga ƙauyuka suke takowa a ƙasa, jaji na gaba, don su ɗauki karatu. Ga kuma Fulaninmu masu tallan nono, da ƙwarya a ka suke cin kasuwar Bagwai da ta Bichi su koma ruga. A 2024 ma, Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha, ta ci maraton na gasar Olamfik a Faris, ta kuma karɓi lambarta da lulluɓinta a ka.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan magana shi ne, yawancinmu mun daina tafiya. Yarinya tana makaranta tana guje-guje, da an yi mata aure sai zama. Daka ya koma inji, unguwa kuwa ko nan da can ne sai a hau babur. Shekara kaɗan sai ka ji ana kukan ƙiba da ciwon gwiwa da hawan jini da ciwon sukari. Wata ta tara kuɗin Makka shekara da shekaru, ta je can ƙafa ta gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yara kuwa awa guda kowace rana. Minti 30 ke nan sau biyar a mako, bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen hira a tsakar gida ba.

Yanzu ga dabarun masu dogon zango, waɗanda za su yi mana amfani.

Na farko, ba sa farawa da gudu. Wata da watanni suke yi suna shiri, kowane mako su ƙara kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da suka yi a makon baya. Sau ɗaya a mako suke yin doguwar tafiya, kuma suna ware ranar hutu, domin a ranar hutu jiki ke gyara kansa. Ke ma fara da minti 15, ki riƙa ƙarawa. In kina tafe kina iya magana da abokiyar tafiyarki ba haki, to, saurinki daidai ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, in sun zo hawa mai tsauri, ko gwanayensu tafiya suke yi, su taƙaita taku. Gangara ta fi hawa wahalar da cinya da gwiwa, saboda haka kada ki saki jiki ki kwararo. Ƙasarmu ta Watari shimfiɗaɗɗa ce, gona na bin gona, ba mu da manyan duwatsu. Amma muna da burtali da hanyoyin gona, ga yashi da rani, wanda tafiya a cikinsa ke ƙarfafa ƙafa kusan kamar hawa. Malamai mata kuwa su nemi izni su kai 'yan makaranta birni su hau Dala ko Gwauron Dutse. Su motsa jini, su ga Kano daga sama, su kuma ji tarihin Barbushe a wurin da aka yi shi.

Na uku, ruwa da abinci. Masu dogon zango ba sa jira sai sun galabaita, suna tafe suna kurɓar ruwa suna ɗan cin wani abu. Da bazara, a watan Afrilu, zafinmu yakan wuce awo 40, saboda haka a fita bayan asuba, a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Riƙe gorar ruwa da dabino ko gyaɗa. In kin ji jiri, ko ciwon kai, ko kika ga fitsari ya yi ja, nemi inuwa ki zauna, ki sha ruwan gishiri da sukari. In mutum ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa masa jiki da ruwa a yi asibiti da shi nan da nan. Mu mata kuma muna yawan fama da ƙarancin jini, to, kada a rena wake da zogale da hanta.

Na huɗu, damina tana da nata sharaɗi. Iska ta yi daɗi, amma dutse yana santsi, macizai suna cikin ciyawa. Sa takalmi rufaffe, wanda ƙafarki ta saba da shi, domin sabon takalmi shi ke kawo bororo. In hadari ya haɗo a sauko daga kan tudu saboda tsawa. Kada a ƙetare rafi in ya kawo, kada kuma yara su yi wasa a bakin madatsar ruwa ta Watari.

Na san wata za ta ce, me mutane za su faɗa? Ba wanda ya ce ki ajiye mayafinki. Sa sutura mai yalwa marar nauyi, ki shawarci maigida ko iyaye, ku haɗu ku uku ko huɗu, kada ki fita ke kaɗai. Wadda ba ta fita kuwa, tsakar gida ya ishe ta, ta yi ta kewayawa da sauri minti 30 bayan ta ɗora tukunya. Mai juna biyu da mai hawan jini su fara jin shawarar likita ko unguwarzoma tukuna.

Iyaye, ga roƙona. In 'yarku ta nuna ƙafar gudu a makaranta, kada ku kashe mata gwiwa. Ku je ku ga malamarta, ku ji yadda ake kula da su, sa'an nan ku yanke shawara. Ba kowa ce za ta kewaya dutsen Turai ba, amma kowace mace tana son ta kai shekara 60 tana tashi daga tabarma ba mai kama ta.

Wadda ta fara, ta rubuto mana bayan wata guda ta gaya mana minti nawa ta kai. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.