Aikin Da Ake Yi Kafin A Hau Ƙarfe

Duk wanda ya ɗaga kai a manyan garuruwanmu, ya dubi rufin bankuna da makarantu da asibitoci, lalle zai ga waɗansu fararen na'urori ɗaure a kan dogayen ƙarafa, waɗansu kamar allo, waɗansu kamar faifai, kowace ta fuskanci wata nahiya ba ta ko motsi. Rediyo ne, amma irin wanda ke ɗaukar bayanai maimakon murya, kuma da shi ake kai intanet daga wani gini zuwa wani, ko daga birni zuwa ƙauyen da wayar ƙarƙashin ƙasa ba ta isa ba. Mai gida, ranar da za a kafa masa, abin da idonsa ke gani shi ne saurayi ya yi ɗamara ya hau ƙarfe cikin rana tsaka, saboda haka a zatonsa hawan shi ne aikin, kuma shi yake biya wa lada. Alhali kuwa abin da zai tabbatar ko ya more kuɗinsa ko ya yi asara, an gama shi ko an ɓata shi tun a ƙasa, cikin 'yan mintocin da injiniya ya zauna da kwamfutarsa yana saita na'urar.

Shigar rediyo cikin hanyar sadarwa tana da sharuɗɗa waɗanda in ɗaya ya faɗi sauran ba su da amfani. Da farko sai a faɗa wa na'urar matsayinta, watau ko ita ce uwar tasha mai rarrabawa, ko kuwa ita ce mai karɓa. Sa'an nan a ba ta sunan tashar da za ta nema, da mabuɗin sirrin da za a yarda da ita da shi, da faɗin layin da za ta bi, da kuma adireshin da za a san ta da shi a cikin 'yan'uwanta. Wannan na ƙarshe shi ne inda gaggawa ta fi yin ɓarna. Na'urorin Ubiquiti, waɗanda suka cika kasuwanninmu, da yawansu suna fitowa daga masana'anta da adireshi guda, 192.168.1.20, kamar yadda na MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya, ke fitowa da 192.168.88.1, to, in aka haɗa biyu 'yan kamfani ɗaya ba a sauya wa ko ɗaya ba, sai su yi ta jayayya a kan suna ɗaya, injiniya ya kira wannan waccan ta amsa, ya yi gyara a inda ba ya nufi, har la'asar ta yi bai gane abin da ke damunsa ba. Da ya ajiye su biyun a kan tebur tun da safe, ya saita kowace, ya ga sun gaisa, ya rubuta wa kowace lambarta a jiki, da ya hau sau ɗaya ya sauko. Amma akwai waɗanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne, sun fi son su rataya kwamfuta a wuya su yi saitin a sama, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, hasken rana ya hana su ganin rubutu.

Bayan haka sai zancen hanya. Galibin mutane sun ɗauka cewa muddin ana hango wancan ƙarfe daga wannan, magana ta ƙare, amma masana sun daɗe da tabbatar da cewa igiyar rediyo tana bukatar sarari a kewayen layin da ido ke bi, sarari mai kumburi a tsakiya, wanda aka sa wa sunan Fresnel, wani masanin haske na Faransa, kuma ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kanta ita ce a bar aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa fayau. A tafiyar kilomita 10 kan zangon gigahaz 5.8, wannan ya kai kimanin mita 7 ƙasa da layin a tsakiyar hanya. A nan kuwa sanin ƙasa ya kan taimaki mutum fiye da sanin littafi, domin wanda ya kafa rediyo da rani ya leƙa ta tsakanin rassan kuka, ya ga hanya a buɗe, ya manta cewa da damina za ta yi ganye jiƙaƙƙe mai shanye sigina; gawo kuma, da yake shi al'adarsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa, wanda ya auna da damina yana tsirara, shi zai sha mamaki da rani. Sau da yawa in mai gida ya ce sabis ɗinsa yana tafiya da yanayi, ana yi masa dariya, alhali gaskiya ya faɗa.

Idan sigina ta yi rauni, abin da zuciya ke fara raya wa mai gaggawa shi ne ya ƙure ƙarfin na'ura, ko ma ya zaɓi sunan wata ƙasa dabam a cikin saitin, don ta buɗe masa layuka da ƙarfin da ba a halatta a nan ba. Wannan kuskure ne ta fuska biyu. Ta fuskar doka, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ita ce dokar 2003 ta ɗora wa alhakin tsara zangunan da ake kasuwancin sadarwa a kansu, kuma sassaucin da aka yi a waɗansu zanguna bai zama izinin cutar da maƙwabci ba. A zangon gigahaz 2.4, alal misali, layuka uku ne kacal, 1 da 6 da 11, aka saba aiki da su tare ba tare da sun hau kan juna ba, don haka duk wanda ya ɗaga murya fiye da kima ya tilasta wa na kusa da shi su ɗaga tasu, a wayi gari kowa na ihu ba mai jin kowa. Ta fuskar hikima kuma, an riga an nuna cewa nisa yana samuwa ne daga kyawun wuri da daidaita fuskar eriya: a 2007 Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa sun haɗa duwatsu biyu a Benezuwela, tazarar kilomita 382, da kayan da ba su da wata tsada ta a zo a gani.

Sai dai duk waɗannan sakaci ne wanda ilmi ke magancewa. Abin da ya fi damuna shi ne al'amarin kalmar sirri, domin a nan ne sana'a ta haɗu da amana. Shekaru da dama na'urorin Ubiquiti suna zuwa da suna da kalmar sirri iri ɗaya, haruffa huɗu da kowane yaron shago ya haddace, na MikroTik kuwa suna zuwa ba kalmar sirri sam. Ko da yake sababbin sun gyara wannan, tsofaffin suna nan birjik a kan rufinmu yadda aka fito da su daga kwali. Duniya ta ga aƙibar irin wannan a watan Oktoba na 2016, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda makaminta bai wuce jerin sunaye da kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60 ba, ta tara rundunar kyamarori da na'urorin gida, aka auka wa kamfanin Dyn da su, har Twitter da Netflix, da suka dogara da shi, suka gagari jama'a da dama a Amurka. A 2018 ma an shiga dubun dubatar na'urorin MikroTik ta wata kafa wadda kamfanin ya riga ya fitar da abin toshe ta, illa masu su ba su sabunta ba.

To, ga kuma wanda ya sauya kalmar sirrin, amma ya riƙe ta a ƙirjinsa, bai faɗa wa mai gida ba, bai rubuta ko'ina ba, don kada a kira wani in ba shi ba. Ranar da ya yi tafiya, ko wayarsa ta ɓace, ko ajali ya cim masa, wanda ya gaje shi ba shi da mafita sai ya shafe saitin gaba ɗaya ya soma daga farko, ba tare da sanin sunan tasha ko mabuɗi ko adireshi ba, makaranta kuwa ta yi mako ba intanet saboda kalmomin da ba su cika rabin shafi ba. Na san hujjar masu yin haka, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba: suna cewa in ka miƙa mabuɗi, cikon kuɗinka ya tafi ke nan, ko kuma ɗan mai gida ya shiga ya yi ta taɓe-taɓe, in ta lalace a ɗora maka. Amma maganin na farko shi ne yarjejeniya a rubuce da shaidu, kamar yadda shari'a ta kwaɗaitar a sha'anin bashi, maganin na biyu kuwa yana cikin na'urar kanta, tun da tana ba da damar a ajiye kwafin saitin a fayil, a mayar da shi cikin minti kaɗan. Malaman Malikiyya, da suka hukunta lamuni a kan masu sana'a game da kayan da suka karɓa suka keɓanta da su, maslahar jama'a suka duba, domin mai kaya ba ya nan sa'ad da ake aikin, kuma ba shi da hanyar sanin abin da aka yi. Ban ga wanda ya fi shiga wannan hali ba kamar hedimasta mai tsaye a ƙasa yana kallon akwati a nisan mita talatin.

Saboda haka shawarata ga duk mai biyan kuɗin irin wannan aiki ita ce ya sa miƙa takarda cikin sharuɗɗan cikon lada, takardar da ke ɗauke da sunan tasha, da mabuɗi, da adireshi, da layin da aka zaɓa, da kalmar sirri a cikin ambulan rufaffe, da kuma ƙarfin siginar da aka samu ranar kafawa. Wannan lamba ta ƙarshe ana raina ta, ga ta kuwa ita ce shaida: in an rubuta -58 dBm ranar farko, bayan iskar farkon damina aka duba aka ga -70, to, tun da kowace faɗuwar 3 tana nufin rabin ƙarfi ya tafi, an san cewa eriya ce ta karkace, ko ruwa ya shige ta, ko itace ya tare hanya, sai a hau da sifana a gyara, maimakon a ce wa mai gida na'ura ta mutu ya sayo sabuwa.