Haɗin da Ba Shi da Lamba

A 2009 Barazil ta haramta shagunan da Turawa ke kwanciya ƙarƙashin fitila don fatarsu ta yi duhu, bayan masu binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar fitilar na haddasa cutar. Ostareliya ta bi sahu a 2015. Haramcin ya yi tasiri, domin shago yana da adireshi, ana iya garƙame shi.

Tamu matsalar ita ce bilicin, kuma doka ba ta san gidansa ba. Ƙa'idar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta 2019 ta hana zaiba da sitiroyid a man shafawa, ta ƙayyade haidirokwinon a kashi 2 cikin 100. A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa, tana dogaro da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa irin waɗannan mayuka.

To, amma abin da ke isa Bebeji, Ƙiru da Tudun Wada yawanci ba mai ba ne mai kwali da lambar rajista. Haɗi ne. Ana saro kayan daga Kano, mai gyaran jiki ta matse tub uku ko huɗu na maganin ƙuraje a roba, ta zuba wani ruwa, ta juya da cokali. Ba suna, ba ranar lalacewa. Ita kanta ba ta san adadin da ta zuba ba. A ɗakin amarya ake shafa shi, bayan labule, inda jami'i namiji ba zai taka ba. Jami'in da ke birni yaushe ma zai keta dajin Falgore ya kai Doguwa?

Illar tana bayyana a gaɓɓan yatsu da suka yi baƙi ƙirin, da fata mai siranta har jijiyoyi su fito kore, da rauni mai ƙin warkewa bayan tiyatar haihuwa. Zaiba kuwa ƙoda take ci a ɓoye, tana kuma ratsawa ga ɗan tayi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yanzu har jarirai ake shafa wa.

A ganina, kamen kwalaye a kasuwar Sabon Gari ba zai wadatar ba. Sai an yi wa masu gyaran jiki rajista a ƙananan hukumomi, an horar da mata duba-gari masu iya shiga gida, an hana kemis sayar da man sitiroyid ba takardar likita.