Ranar da sabis ya ɗauke, da me za mu kira juna?

1/ Matasan Kafin Hausa, ku zo mu yi magana. Wayar da ke hannunka taka ce, amma hanyar da muryarka ke bi ba taka ba ce. Haya kake yi. Ranar da mai gida ya rufe ƙofa, shi ke nan.

2/ Mun gani ai. Satumban 2021 an katse sabis a duk faɗin Zamfara, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, har bankuna suka rikice.

3/ Mu nan Jigawa kuma ambaliya ce. Kun tuna 2022. In ruwa ya cinye hanya, motar dizal ba ta kaiwa ga ƙarfen sabis. To, wa zai kira wa?

4/ Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu koyi rediyon masu sha'awa, wanda duniya ta sani da ham radio. Ba saurare kawai ba: kai ma ka yi magana, a ji ka, a amsa.

5/ Kayan aikin: na'urar aikawa da karɓa, batir mai bolt 12, ƙaramin faifan sola, da waya mai tsawon kusan mita 20 a ɗaure tsakanin bishiyu biyu. Ita ce eriyar zangon mita 40. Saƙon ya hau sama, ya dawo ƙasa a nesa. Babu data, babu kati.

6/ Ba baƙon abu ba ne. Ta gajeren zango iyayenmu suka daɗe suna kama BBC Hausa daga Landan.

7/ A 2017 guguwar Maria ta rusa sadarwar tsibirin Puerto Rico. Masu wannan sha'awa na cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙonnin agaji.

8/ Wani zai ce: ba 'yan bindiga ne ke yawo da oba-oba ba? Bambancin a fili yake. Kai da lasisin gwamnati za ka yi, da lambar kira, ta Najeriya da 5N take farawa. Dole ka faɗe ta a iska, kuma an haramta ɓoye zance. Kada ka kuskura ka fara babu lasisi.

9/ Abin da ya fi burge ni: eriyarka kai ka yanka, in ta lalace kai ka gyara. Amma dogaro da kai ba zaman kaɗaici ba ne. Rediyo ɗaya ba ya hira, sai da na biyu.

10/ Ga Jami'ar Sule Lamido a garinmu, ga masu gyaran rediyo a kasuwa. Ɗalibai goma da malami ɗaya sun isa kafa kulob. A samu wani a Haɗeja, wani a Dutse.

11/ Ba ranar ƙishi ake haƙa rijiya ba. Wa ke ciki? Ku yi magana a ƙasa.