A fito da 'yan firamaren Wudil fili

Duk sanda aka nuno hoton 'yan firamare zaune a gindin bishiya, gazawar gwamnati ce ke fara zuwa mana a rai. Sau tari kuwa hakan ne: iska ta yaye rufi, ko yara sun fi ƙarfin ɗakin. Shi ya sa da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, maganar azuzuwa da kujeru ce ta yi kane-kane. A gina, ba ni da ja. Amma yaron da rashin aji ya koro waje daban, wanda malaminsa ya fito da shi da gangan, igiyar awo a hannu, shi ma daban.

Ku dubi Wudil. Malami zai ɗauki alli ya zana kogi a allo, ya ce a maimaita, yara su amsa da ƙarfi, alhali ga kogin can kwance a ƙarƙashin gada. Ruwan kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su biyo ta nan, su nufi Haɗejiya. Akwai masunta, akwai masu ɗiban yashi, akwai 'yan noman rani. Yaron da ya tsaya ya ga inda ruwa ya ci gaɓa ba ya bukatar a haddace masa ma'anar zaizayar ƙasa. Haka karar shanu ta ranar Juma'a: ɗan dillalin da ke raɓe da babansa yana lissafa la'ada da ka kafin ka ciro waya, amma ranar Litinin a ce masa daƙiƙi saboda ya kasa raba lamba a takarda.

Ba ma sai an je nesa ba. A harabar makaranta za a iya auna kewayen fili da taku, a kafa sanda a auna inuwarta da hantsi, a sake aunawa da rana tsaka, a shuka wake a kunya biyu, ɗaya da taki ɗaya babu, yara su riƙa rubuta tsawonsa duk mako. A zana lambobi a ƙasa a yi ta tsallake su da ƙafa ɗaya irin na langa, a haka jadawalin sau zai zauna. Ko sisi ba a kashe ba.

Darasin motsa jiki yana nan a jadawali, amma a makarantu da yawa ya koma lokacin shara, ko a ce kowa ya kifa kansa a benci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na bukatar aƙalla awa guda ta motsa jiki kullum. Wani zai ce 'ya'yanmu da ke ɗiban ruwa da talla da kiwo ai sun ninka haka. Gaskiya ne, sai dai wahala ce ba darasi ba, kuma babu mai tambayarsu me suka gani a hanya. A Danmak, a 2014 an sa minti 45 na motsa jiki cikin ranar karatu. A garin Stirling na Sikotland kuwa, wata shugabar firamare ce ta fara fito da yara gudun minti 15 kullum a 2012, abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Na san da hatsari. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa garin Wudil da tirelolinta, kogin kuma ba abin wasa ba ne in ya kawo a watan Agusta. Zafin bazara ba ya barin kowa a fili bayan ƙarfe goma. To a fara da harabar, da sanyin safiya, zuwa bakin kogi kuma sai da rani, da izinin iyaye da rakiyar manya. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana cikin garin, ɗalibanta masu karanta aikin gona da ilimin ƙasa za su iya kama wa malamai.

Wanda zai fi wuyar shawo kai shi ne mai duba makarantu. Muddin in ya tarar da aji wayam zai rubuta cewa malami ba ya aiki, babu hedimastan da zai yarda a fita. Sai hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, ta sa fitar a rubuce cikin jadawali, ko da darasi biyu ne a mako.