Silaid ba takardar gado ba ce, ku daina wahalar da mutane

Jama'a, yau sai na faɗa ko da za a ji haushina.

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, matasanmu ke ta neman tallafin noma da kiwo. Sai mutum ya zo shagona ya ce, "Oga, tura min PowerPoint ɗin nan cikin filash." In buɗe in ga silaid 40, kowanne maƙil da rubutu. Haba!

Kwanaki wani ƙanena ya je gabatar da buƙatar ƙungiyarsu ta manoman masara. Ya juya wa mutane baya yana karanta bango. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, shi ma ya ɗauke. Ya dawo hannu rabbana yana zagin firojekta. Na ce masa firojekta bai yi maka komai ba. Gonar nan ta bakin daji da kuka yi shekaru ba ku iya zuwa, wa ya fi ka sanin labarinta? Don me za ka ba allo aron bakinka?

Wai yawan rubutu ne ke nuna ka yi aiki. Ba gaskiya ba ne. In mutum yana karatu, ba ya jin ka.

Ga abin yi:

1. Magana ɗaya a silaid ɗaya. Hoton gonar da ka ɗauka da wayarka ya fi sakin layi uku.

2. Bi ƙa'idar Guy Kawasaki, ɗan kasuwar Amurka: silaid 10, minti 20, girman rubutu kada ya gaza 30.

3. Faɗi buƙatarka tun farko: nawa kake so, buhu nawa za ka noma.

4. Ko da Canva ko WPS ka haɗa, mayar da shi PDF, ka ajiye a waya da filash. Kada ka dogara da netwok ɗin garin nan.

5. Kashe wayar, ka gwada yi wa abokinka bayani da ka. In ka kasa, ba ka shirya ba.

Rubutun nan mai yawa ka buga a takarda, ka raba bayan ka gama.

Mun sha wuya kafin a sake sauraronmu. Kada a ba mu minti goma mu ƙarar wajen karanta bango.

Tura wa wanda ka san zai tsaya gaban mutane. Allah ya sa mu dace.