SHARHI: Majalisar Jami'ar Kachia ta samu manya, saura masu riƙon asusun bincike

A watan Fabrairun 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta karɓi harabar tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachia daga hannun hukumar EFCC, ta kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace. Ƙudurin kafa ta ya fito ne daga Sanata Sunday Marshall Katung mai wakiltar Kaduna ta Kudu, Shugaba Bola Tinubu kuma ya sa masa hannu. Bayan 'yan makonni Fadar Shugaban Ƙasa ta fitar da sunayen waɗanda za su ja ragamarta. Jama'ar yankin sun yi murna, kuma suna da dalili, domin sun daɗe suna neman jami'ar tarayya a ƙasarsu. Sai dai an fi mayar da hankali a kan wane ne ya samu kujera da kuma daga wace shiyya ya fito. Ba a cika tambayar abin da kowannensu ya ƙware a kai ba, da ko wannan ƙwarewa ta dace da aikin da sunan jami'ar ya ɗora mata.

Shugaban majalisar gudanarwa shi ne Bishop Matthew Hassan Kukah na Cocin Katolika da ke Sakkwato. Ɗan ƙasar ne, an haife shi a 1952 a Anchuna da ke masarautar Ikulu, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. Ya yi digiri na biyu a fannin nazarin zaman lafiya a Jami'ar Bradford da ke Ingila, ya yi na uku a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Ma'aikatan da suka daɗe a Abuja sun san shi da aikin kwamitoci masu nauyi: ya yi aiki a Kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, ya yi sakatare a Taron Gyaran Siyasa na 2005, ya shiga tsakanin al'ummar Ogoni da kamfanin Shell, ya zauna a Kwamitin Uwais na gyaran harkar zaɓe. Har yau yana cikin jagororin Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa da Janar Abdulsalami Abubakar ke shugabanta.

Irin wannan tarihi yana da amfani na musamman a Kudancin Kaduna. Jami'a sabuwa a yankin da ya sha rikicin ƙabilanci da na addini za ta fuskanci matsin lamba a kan kowace takardar ɗaukar aiki, tun daga ta farfesa har ta mai gadi. Mutumin da ministoci ke ɗaga wayarsa, wanda kuma ba ya neman kwangila ko tikitin takara, yana iya cewa a'a a inda wani zai sunkuyar da kai. Ko masu sukar kalaman Kukah, kuma suna da yawa a Arewa, da wuya su ce mutum ne mai saurin tsorata. Amma nazarin addini da siyasa daban, sanin yadda ake mayar da sakamakon ɗakin gwaji ya zama hajar da manomi zai saya daban. Faɗin haka ba aibu ba ne a gare shi, domin ba don wannan aka ɗauko shi ba.

Shugaban jami'ar na farko shi ne Farfesa William Barnabas Qurix, masanin zanen gine-gine. Wannan ce jami'a ta uku da zai riƙe, bayan Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Bingham da ke Karu a Jihar Nasarawa. Ya san harabar Kafanchan ta Jami'ar Jihar Kaduna, inda ake koyar da aikin gona da nazarin muhalli, kuma ya san yadda ake bin takarda a Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa har a samu amincewa da kwas. A shekarun farko na kowace jami'a, wannan ne aikin da ke cinye lokaci: azuzuwa, ɗakunan kwana, ruwa, wuta, da tantance kwasa-kwasai. Tare da shi aka naɗa Sanusi Gambo Adamu a matsayin magatakarda, Ibrahim Dalhat a matsayin ma'aji, da Farfesa Daniel Abubakar a matsayin shugaban ɗakin karatu.

Sauran mambobin majalisar daga waje su huɗu ne, kuma sanarwar ta jingina kowanne da shiyyarsa: Thomas Etuh daga Arewa ta Tsakiya, Cif Fabian Nwaora daga Kudu maso Gabas, Farfesa Femi Taiwo daga Kudu maso Yamma, da Zarah Bukar daga Arewa maso Gabas. Biyun farko 'yan kasuwa ne sanannu. Nwaora shi ne mai kamfanin EFAB, wanda rukunin gidajensa ba baƙon suna ba ne ga duk wanda ya taɓa neman haya a Abuja. Etuh kuwa ya yi suna a harkar takin zamani, ya shugabanci ƙungiyar masu sarrafawa da rarraba taki ta ƙasa, ya kuma taɓa riƙe shugabancin hukumar daraktocin Bankin Unity. A cikin su duka, sana'arsa ce ta fi kusa da gonar manomin Kachia.

A nan ya kamata a bambanta abubuwa biyu da ake yawan cuɗa su. Majalisar gudanarwa, bisa dokar jami'o'in tarayya ta 1993 da gyare-gyaren da aka yi mata, ita ce mai kula da dukiya da kasafi da ɗaukar manyan ma'aikata. Wa'adinta shekara huɗu ne, na shugaban jami'a kuma biyar babu ƙari. A aikace ma ba kullum ake cika wa'adin ba. A Yunin 2023 an rushe majalisun jami'o'in tarayya gaba ɗaya, suka zauna kusan shekara babu su. A Nuwamban 2024 an rushe ta Jami'ar Nnamdi Azikiwe, a Fabrairun 2025 kuma ta Jami'ar Abuja. Binciken kimiyya ba ya tafiya da irin wannan agogo. Samar da irin shuka mai jure cuta, a gwada shi damina bayan damina har a amince da shi, yakan ɗauki shekarun da suka wuce wa'adin majalisa ɗaya. Kuɗin da za a yi wannan aiki da shi yana buƙatar mazaunin da ba ya girgiza duk lokacin da aka sauya minista.

Saboda wannan ne manyan jami'o'in Amurka suka ware gidauniyar bincike, mai rajista daban da kwamitin amintattu daban. Wadda ta fi shahara ita ce ta Jami'ar Wisconsin, da ake kira WARF, wadda aka kafa a 1925. Asalinta shi ne wani farfesa, Harry Steenbock, ya gano cewa haska abinci da wani nau'in haske yana ƙara masa bitamin D, abin da ke maganin lauyewar ƙashin yara. Bai yarda ya sayar wa kamfani ya sa kuɗin a aljihu ba, jami'ar kuma ba ta da tsarin riƙe haƙƙin mallakar ƙirƙira. Sai tsofaffin ɗalibai tara suka ba da dala 100 kowannensu aka kafa gidauniyar. Amintattun farko tsofaffin ɗalibai ne da suka yi nisa a aikin lauya da kasuwanci. Aikinsu shi ne yi wa ƙirƙira rajista, ba kamfanoni lasisi, juya ribar, sannan a mayar wa jami'a kuɗin bincike kowace shekara. Zaɓen abin da za a bincika an bar wa malamai.

Labarin da ya fi dacewa da Kachia ya zo ne bayan shekara takwas. A 1933 wani manomi ya isa jami'ar da mushen saniyarsa da gwangwanin jinin da ya ƙi daskarewa, domin shanun yankin suna mutuwa da zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. Ɗakin gwajin Karl Paul Link ya shafe shekaru kafin ya ware sinadarin da ke haddasa hakan. Daga nan aka samu warfarin, wanda haruffan farko na sunansa na gidauniyar ne. An fara sayar da shi a matsayin gubar ɓera a 1948, a 1954 kuma aka amince a ba mutane don hana gudajin jini. Har gobe likitocin Najeriya suna rubuta shi.

Manomin Kudancin Kaduna ma ya zo da nasa mushen. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Wannan yanki shi ne cibiyar noman citta a Najeriya, kuma da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake aure, da ita ake rufin kwano. Mutane da yawa sun ci bashi sun shuka, ba su ɗebi ko irin baɗi ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti, Asusun Bunƙasa Noma na Ƙasa ya raba tallafi. Tallafi yana rage raɗaɗi na shekara guda. Abin da zai hana maimaituwar asarar shi ne iri mai tsabta da aka ninka a ɗakin gwaji, da sanin takamaiman ƙwayar cutar, da tsarin sauya gona, da ma'aikatan da za su kai wannan sani ƙauye. Cibiyar da ke da alhakin binciken citta a ƙasa tana Umudike a Jihar Abiya. Jami'ar kimiyyar aikace-aikace da ke zaune a tsakiyar gonakin ba ta da uzurin rashin sa wannan a kan gaba.

Ba citta kaɗai ba ce. Ƙauyen Nok da tsohuwar jami'ar ta ari sunansa yana cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, amma binciken zamani mafi zurfi a kan al'adun Nok masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt ne suka jagorance shi tun daga 2005, kuma a Jamus aka baje kolin sakamakonsa a 2013. Ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka amince a kafa a Kafanchan, wadda za ta iya zama abokiyar aiki a binciken lafiya.

Kuɗin ba su rasa hanya ba. Asusun TETFund, wanda Aminu Bello Masari ke shugabantar kwamitin amintattunsa, Sonny Echono kuma yake babban sakatare, yana da Asusun Bincike na Ƙasa da malamai ke gasa a kansa. Tsohon babban sakatarensa, Farfesa Suleiman Bogoro, ya daɗe yana kiran a kafa gidauniyar bincike ta ƙasa. A 2024 gwamnati ta amince a cire tallafin bincike da jami'o'i ke samu daga waje daga cikin asusun bai ɗaya na TSA, abin da malamai suka daɗe suna kuka a kansa, domin mai ba da tallafi daga ƙetare ba ya son kuɗinsa su maƙale a layin Babban Banki. Hukumar NOTAP kuma tana taimaka wa jami'o'i su buɗe ofisoshin rajistar ƙirƙira. Duk waɗannan ƙofofi ne, amma kowacce tana neman wanda ya iya rubuta buƙata, ya iya kare lissafi, ya kuma iya zama da lauyan kamfani ba tare da an yi masa wayo ba.

Idan majalisar Kukah ta yanke shawarar kafa irin wannan gidauniya, kuma a ganina ya kamata ta yi tun kafin harabar ta cika da buƙatun yau da kullum, to zaɓen amintattunta ne zai nuna ko da gaske ake. Akwai buƙatar masanin cututtukan shuka ko kiwon iri wanda ya taɓa cin gasar tallafi ya kuma kammala aikin. Akwai buƙatar lauyan da ya san haƙƙin mallakar ƙirƙira, da akanta mai tsauri, da wanda ya taɓa fitar da citta zuwa ƙetare ya ga yadda ake mayar da kaya saboda rashin inganci. Kujera ɗaya aƙalla ta manoma ce, kuma a ba wanda ke noman da hannunsa, domin shugabannin ƙungiyoyin da ke zaune a otal-otal na Abuja sun riga sun samu wakilci fiye da kima. Wa'adinsu kuma a jera shi ta yadda ba za su sauka rana ɗaya ba.

Masu karanta wannan shafi sun san yadda ake haɗa jerin sunaye. Takarda takan taso daga ofishin mai taimaka wa wani, a duba shiyya, a duba addini, a duba wanda ya yi wahala a zaɓe bai samu komai ba. Tsarin raba daidai yana cikin Kundin Tsarin Mulki, kuma a majalisar gudanarwa yana da hujja. A kwamitin da zai yanke hukunci ko wani sinadari ya cancanci a kashe masa miliyoyi wajen rajista, tambayar farko ita ce ko mutum ya fahimci takardar da ke gabansa.

Gidauniyar Wisconsin ma ba ta tsira daga zargi ba. An soke ta da hana masu yin man shafa burodi na tsirrai lasisin bitamin D don kare masu kiwon shanun jiharta, alhali talakawa ne suka fi cin wannan mai, kuma a shekarun 1940 kotu ta rushe haƙƙin mallakar. Kwamitin da 'yan kasuwa suka yi wa yawa yana iya manta wanda aka yi binciken dominsa. Shi ya sa duk amintaccen da kamfaninsa zai iya cin gajiyar wani bincike ya wajaba ya bayyana hakan a rubuce, ya kuma fita daga ɗakin idan an zo yanke shawara. Wannan ƙa'ida ta shafi kowa, har da 'yan kasuwar da ke majalisar yanzu, waɗanda ƙwarewarsu ce ta sa ake buƙatarsu tun farko.

Akwai kuma tarihin harabar kanta. Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ce ta ba da umarnin ƙwace ta a 2024, bayan EFCC ta gabatar da hujjar cewa wani tsohon daraktan kuɗi a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ne ya gina ta da dukiyar da ba ta halatta ba. Duk wata ƙungiyar ƙetare da za ta ba Kachia tallafin bincike za ta karanta wannan labari kafin ta sa hannu. Abin da za ta nema bayan haka shi ne rahoton mai binciken kuɗi na shekara-shekara, wanda aka wallafa a fili, da sunayen waɗanda suka sa masa hannu.