Masu Rubuta Manhaja, Ku Yi Gini Domin Mai Zuwa Bayanku

Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin 1962, ƙasar Zariya ba ta rasa masu ilmin lissafi ba. Cibiyar kwamfuta ta jami'ar ma sunan wani masanin lissafi ta ke ɗauke da shi, watau Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Yau ga samari da 'yan mata a Samaru da Sabon Gari sun kama sana'ar rubuta manhaja, watau jerin umurnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki. Wannan abin murna ne ƙwarai. Amma maganata a nan da waɗanda ke yi wa manyan ma'aikatu rubutu ne, irin su makarantu da asibitoci da bankuna da ofisoshin albashi, masu aiki da Java ko .NET da makamantansu.

Ba ranar da aka miƙa irin wannan aiki a ke sanin gwani ba. Sai bayan shekara biyar ko goma, sa'ad da marubucin ya koma Abuja ko Ikko, aka ɗauko wani yaro da bai taɓa ganinsa ba aka ce ya gyara, sa'an nan a ke gane ko gini aka yi ko kuwa tarin ƙasa. In manhajar wasa ta waya ta lalace sai a goge ta, ba wanda ya yi hasara. In ta ofishin jarrabawa ce ta lalace, sakamakon ɗan wani ne ya salwanta, in ta albashi ce kuwa, tukunyar gidan wani ce ba za ta hau wuta ba.

Abu na farko shi ne yaɓe. Kowane mai gidan ƙasa ya san in bai yi wa bangonsa yaɓe kafin damina ba, ruwa zai nemi hakkinsa. Haka manhaja ta ke. Java tana da fitowa ta musamman wadda a ke daɗewa ana kula da ita: ta 8 a 2014, ta 11 a 2018, ta 17 a 2021, ta 21 a 2023, da ta 25 a 2025. Kamfanin Microsoft ma haka ya ke yi da .NET, ya fitar da ta 8 a 2023, da ta 10 a 2025. To, mai hankali bisa irin waɗannan ya ke gini, kuma tun ranar farko ya kan rubuta lokacin da za a ƙaura zuwa ta gaba. Ku dubi abin da ya sami masu aiki da Java EE. A 2017 kamfanin Oracle ya miƙa ta ga Gidauniyar Eclipse, aka sake mata suna Jakarta EE, a 2020 kuma aka sauya sunayen da ke cikinta daga javax zuwa jakarta. Da Spring Boot ta 3 ta fito a 2022, sai ta ce ba ta aiki sai da Java ta 17 ko abin da ya fi ta, da kuma sababbin sunayen. Wanda ya riƙa tafiya taki ɗaya ɗaya bai ji jiki ba, amma wanda ya zauna a kan ta 8 sai ga shi da tsallen rijiya da baya.

Har wa yau cikin maganar yaɓe, ku san kayan aro da ke cikin gininku, gama ba mai rubuta kome da kome da hannunsa. A watan Disamba na 2021 aka bayyana wa duniya wata ɓaraka a Log4j, wani ɗan ƙaramin kayan aro da a ke rubuta tarihin aikin manhaja da shi. Ɓarakar ta ba ɓarawo damar ya aiko da 'yan kalmomi daga nesa ya sa kwamfuta ta bi umurninsa. Ma'aikatu da yawa a duniya ba su ma san suna da shi ba, sai da suka yi ta tono. Da sun ajiye jerin kayan aronsu da lambar kowanne, da aikin yini guda ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na biyu, ku yi gini domin ƙasar da ku ke ciki. Littattafan da ku ka koya a ciki an rubuta su inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba. A nan kuwa wuta na iya tafiya tsakanin cire kuɗi daga wannan asusu da zuba shi a wancan. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a kasuwar Sabon Gari ya san zancen "an cire amma bai shiga ba". Maganinsa sananne ne. A ɗaure aikin biyu su zama ƙulli guda a rumbun bayanai, ko dai su tabbata tare ko su warware tare. Sa'an nan kowane biya a ba shi lamba tasa ta kansa, yadda in sabis ya yanke mutum ya sake dannawa, manhaja ta gane biyan ɗazu ne, kada ta cire sau biyu. Kuɗi kuma kada ku ajiye shi a ma'aunin double, domin in an ce da shi ya tara 0.1 da 0.2 sai ya ba da 0.30000000000000004. Ku ƙidaya da kwabo, ko ku yi aiki da BigDecimal a Java, ko decimal a C#.

Abu na uku ya fi taɓa mu malaman makaranta, shi ne sunayen yaranmu. Harshenmu yana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kuma duk suna cikin Unicode, har da alamar naira. Amma sau nawa a kan ga Ɗanladi ya fito a takarda da alamar tambaya a farkon sunansa? Dalili shi ne wani ɓangare na manhajar yana karatu da UTF-8, wani kuma da wani tsari dabam. Tun daga Java ta 18, a 2022, UTF-8 ya zama shi ne tsarin da Java ke ɗauka in ba a faɗa mata wani ba, amma rumbun bayanai da shafin da a ke cikawa da takardar da a ke bugawa duk sai an daidaita su. Kafin ku ce aiki ya ƙare, ku gwada shi da Ƙanƙara da Ɗanbatta, kada ku tsaya ga sunayen Turawa da ke cikin littafi.

Abu na huɗu shi ne rubuta bayani. A kwalejin horon malamai ba a yarda ɗalibi ya shiga aji ba tare da shirin darasinsa a rubuce ba, domin in ya yi ciwo gobe wani ya ɗauki littafin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ku ma haka. Ku ajiye aikinku a Git, kowane sauyi da dalilinsa. Ku rubuta yadda a ke tayar da manhajar a sabuwar kwamfuta. Ku riƙa kwafe rumbun bayanai zuwa wani wuri dabam, kuma ku riƙa gwada maido da kwafin, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, ai masu ba da kwangila ba su biyan kuɗin wannan duka, abin da ido ke gani kaɗai su ke so. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ragowar maganar ta shugabannin ma'aikatu ce. Kada ku karɓi aiki sai da asalin rubutun manhajar da bayaninta da mabuɗanta, kuma kowace shekara ku ware kuɗin gyara kamar yadda ku ke ware na janareta. Ku tuna Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, saboda haka sakaci da sirrin ɗalibi ko na majinyaci laifi ne a gaban doka. Wani marubucin kuma ya kan ɓoye asirin aikinsa don kada a iya sai da shi. Wannan gajeruwar dabara ce, gama ranar da aka gaji da nemansa za a rushe ginin duka, sunansa kuma ya tafi tare da shi.

Muna fata makarantunmu na Zariya za su riƙa ba ɗalibi tsohuwar manhajar wani ya karanta ya gyara, kamar yadda su ke sa shi ya ƙago tasa, domin yawancin aikin da zai tarar a ofis ke nan. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka danƙa mana, amin.